Wa Ya Auna Hancin Yaron Batsari?

Duk lokacin da aka ambaci gwajin magani ko na rigakafi a ƙasar Hausa, amsa ɗaya ce ke fitowa daga bakin malamin jami'a da lauya da ma'aikacin banki, har da wasu likitoci: "Kada a yi gwaji da 'ya'yanmu." Ana faɗinta da ɗaga murya, kuma ana samun tafi. Na san inda ta samo asali, zan kuma zo kansa, domin ciwo ne na gaske. Amma ra'ayina shi ne, jimlar nan ta fi cutar da yaran Batsari da Safana a kan yadda take kare su. Zan kafa hujjata da wani rigakafi da akasarinmu ba mu taɓa gani da ido ba, wato rigakafin mura da ake fesawa a hanci, wanda ke ɗauke da ƙwayar cuta mai rai da aka raunana.

Sai mu fara da kalmar kanta, domin harshenmu ya yi mana ɓoyon wani abu a nan. "Mura" a wurinmu ita ce atishawa da majina, abin da ake kora da citta da kanumfari. Cutar infuluwenza ta fake a ƙarƙashin wannan suna mai sauƙi, alhali ita wata aba ce daban: zazzaɓi mai kayar da mutum, ciwon gaɓoɓi, sannan ga ƙaramin yaro da tsoho takan buɗe wa ciwon haƙarƙari ƙofa. Ƙiyasin da Hukumar Lafiya ta Duniya ke aiki da shi ya ce tana kashe mutum 290,000 zuwa 650,000 kowace shekara ta hanyar cutar numfashi, kuma Afirka kudu da Sahara na cikin yankunan da mace-macen suka fi yawa idan aka kwatanta da yawan jama'a. Kakanninmu sun san ta. Annobar 1918 ta sauka a Legas ta jirgin ruwa a watan Satumba, ta biyo hanyar jirgin ƙasa ta hau Arewa, kuma masana tarihi na ƙiyasta cewa ta kashe kusan rabin miliyan a Nijeriya. Ita ce tsofaffi suka kira marisuwa, har aka riƙa lissafin shekaru da ita. Yau yaron da ta kama a ƙauye "zazzaɓi" ake rubuta masa, a ba shi maganin cizon sauro, in ya rasu a ce kwana ya ƙare.

Rigakafin infuluwenza iri biyu ne a duniya. Na farko allura ce mai ɗauke da matacciyar ƙwayar cuta ko ɓangarorinta. Ana zuba ta a tsoka, jiki ya gan ta, ya ƙera garkuwa a cikin jini. Adadin da aka zuba shi ne adadin da jiki ya samu, ko a Landan ko a Runka. Na biyun, wanda muke magana a kai, aikinsa ya sha bamban, kuma duk hujjata tana rataye a kan wannan bambancin.

Bairos ɗin infuluwenza yana da kundin halitta mai gaɓoɓi takwas. Biyu daga ciki su ne ke ƙera ƙayoyin da ke bayansa, waɗanda ake kira H da N, kuma su garkuwar jiki ke fara ganewa. Sauran shidan injin ciki ne. A Jami'ar Michigan, wani masani ɗan asalin Siriya, Hunein Maassab, ya ɗauki bairos da aka samu a Ann Arbor a 1960, ya yi ta renonsa a yanayi mai ƙara sanyi har ya saba da digiri 25, ya kuma rasa ƙarfin hayayyafa a zafin cikin jiki. Masana a Leningrad ta tsohuwar Tarayyar Sobiyet sun yi irin wannan da wani bairos na 1957, suka juya shi sau 17 a cikin ƙwai a cikin sanyi. Dabarar ta dogara ne kan cewa hancin ɗan Adam ya fi huhunsa sanyi: hanci wajen digiri 33, huhu 37. Saboda haka bairos ɗin da ya saba da sanyi zai rayu a hanci, amma ba zai iya sauka huhu ya yi ɓarna ba. Kowace shekara sai a ɗauki gaɓoɓi shida na wannan rarraunan bairos, a haɗa da ƙayoyi biyu na bairos ɗin da ake sa ran zai yi yawo a shekarar. Na Amurka shi ne FluMist, wanda ya samu lasisi a 2003. Na Rasha kuwa, ta hannun Hukumar Lafiya ta Duniya, ya isa kamfanin Serum Institute na Indiya, wanda ya fitar da shi da sunan Nasovac-S don ƙasashe irin namu.

To, abin da aka fesa a hanci iri ne, ba girbi ba. Dole ya kama, ya hayayyafa na 'yan kwanaki, kafin jiki ya ɗauke shi da muhimmanci. Idan ya kama, garkuwar da yake tayarwa tana da faɗi. Akwai wadda ke zama a cikin majinar hanci, ana kiranta IgA, mai tare baƙo tun a zaure. Akwai ƙwayoyin T, dakarun da ke farautar ƙwayar jikin da cuta ta riga ta shiga, kuma da yake suna gane injin cikin bairos, wanda ba ya yawan canzawa, sukan yi amfani ko da ƙayoyin waje sun ɗan sauya kama. Akwai kuma garkuwar jini, sai dai ba ta kai ta allura yawa ba. Idan kuwa irin bai kama ba, ruwa kawai aka fesa wa yaro. Kowane manomi a Wagini ya san cewa iri ɗaya yakan yi a jigawa ya ƙi a fadama, kuma ba ya sayen buhu goma sai ya gwada mudu.

Shi ya sa rigakafin nan yake da wata ɗabi'a da ke ba sabon ɗalibi mamaki: ya fi aiki ga wanda bai taɓa haɗuwa da cutar ba. A wani babban gwaji da aka buga a 2007 kan yara 'yan wata 6 zuwa 59, waɗanda aka yi wa feshi sun kamu da infuluwenza ƙasa da waɗanda aka yi wa allura da kusan kashi 55 cikin ɗari. Amma da aka gwada a kan manya a Michigan a hunturun 2007 zuwa 2008, allura ta ba da kariyar kashi 68, feshi 36. Babba ya sha haɗuwa da mura a rayuwarsa, garkuwarsa takan kashe irin kafin ya tsiro. Akwai wani abin kuma da ya fi wannan damun masana. Ga allura, ana iya ɗiban jini a auna yawan garkuwa a yi hasashen kariya, tun wani aiki da aka yi a Ingila a 1972. Ga feshi, wannan ma'auni ba ya faɗin gaskiya. Yaro na iya samun kariya jininsa bai nuna komai ba. Ma'ana, ba za ka zauna a ɗakin gwaji da kwalaben jini ka yanke hukunci ba. Sai ka yi wa yara na gaske, a garinsu, ka bi su damina da rani, ka ƙirga wanda ya kamu.

An yi hakan a 2013, sau biyu, da rigakafi ɗaya na kamfani ɗaya. A Bangaladash, a unguwar Kamalapur ta Dhaka da kuma karkarar Matlab, an ɗauki yara 1,761 'yan shekara biyu zuwa ƙasa da biyar, kashi biyu cikin uku aka fesa musu Nasovac-S, sauran aka fesa musu ruwan da babu bairos a ciki. Sakamako: kariyar kashi 57.5 cikin ɗari daga nau'o'in da suka dace da rigakafin. A Niakhar ta ƙasar Senegal, karkara ce ta manoman gero da gyaɗa wadda ɗan Safana zai ji kamar a gida yake, an ɗauki yara 1,761 su ma, aka bi tsari kusan iri ɗaya. Sakamako: sifili. Kashi 0.0. Rigakafin bai cutar da su ba, bai kuma kare su ba. Yaran da aka yi wa da waɗanda ba a yi wa ba sun kamu daidai wa daida.

Ina so mai karatu ya tsaya a kan wannan sifilin, domin a ganina yana cikin lambobi mafi daraja da kimiyya ta taɓa ba Afirka ta Yamma. A ce mutanen Niakhar sun yi irin namu, sun ce kada a yi gwaji da 'ya'yansu. Da sakamakon Bangaladash kaɗai zai tsaya. Da wani jami'i a Dakar, ko a Abuja, zai ɗaga takarda ya ce an gwada a ƙasa matalauciya mai zafi irin tamu, ya yi aiki, mu saya. Da an kashe kuɗi, an tara iyaye a inuwar kuka, an fesa wa yara miliyoyi abin da ba zai kare su ba a wannan shekarar, sannan da mura ta zo ta kwantar da su, uwa ta ce an yaudare ta. Kuma da gaskiyarta. Amanar da za a rasa ranar nan ba ta tsaya kan mura ba, za ta shafi ƙyanda da shan inna da mashaƙo. Wannan ma gwaji ne da yara, sai dai shi ba a neman izinin kowa, ba a ƙirga sakamako, ba wanda ke koyon komai daga gare shi. Shi ne gwajin da masu cewa "kada a yi gwaji" suke zaɓar mana ba tare da sun lura ba.

Sifilin bai zama ƙarshen magana ba, domin wasu sun bi sawunsa. A Sukuta ta ƙasar Gambiya, masu bincike na cibiyar MRC sun fesa wa yara 'yan wata 24 zuwa 59 wannan rigakafi a 2017 da 2018, suka riƙa ɗiban majinarsu don ganin ko irin ya kama. A 2017, lokacin da ɓangaren H1N1 na rigakafin yake ɗauke da tsohon nau'in Kaliforniya na 2009, wanda shi ne aka yi amfani da shi a Niakhar, kashi 14 kacal na yaran aka samu bairos ɗin a hancinsu bayan kwana biyu, kashi 5 kuma suka nuna sabuwar garkuwa a jini. A 2018 aka musanya shi da nau'in New York na 2015. Sai kamawa ta tashi zuwa kashi 63, garkuwar jini zuwa 19, martanin ƙwayoyin T shi ma ya ƙaru. Ashe irin ne rago. Amurka ma ta ci karo da wannan matsala: a lokacin mura na 2015 zuwa 2016 alƙaluman hukumar CDC sun nuna feshi ya ba yara kariyar kashi 3, allura 63, har aka janye shawarar amfani da shi na shekara biyu, sai da aka canza nau'in H1N1 aka dawo da shi a 2018. Amma ga abin da ke hana mutum barci: a wannan shekarar dai, da rigakafin kamfani ɗaya, Ingila ta auna wajen kashi 58 a nata yaran, ta ci gaba da shirinta na makarantu da ta fara tun 2013. Haka kuma ragon irin nan na Kaliforniya ya hana kusan rabin kamuwa da H1N1 a Bangaladash. Ke nan raunin iri bai bayyana komai da komai ba. Ƙasar da aka shuka shi ma tana da nata hannun.

Mutanen Gambiya sun leƙa ƙasar. Sun gano cewa yaron da wani bairos na numfashi ya riga ya shiga hancinsa, ko da ba ya nuna alamar ciwo, jikinsa ya riga ya buga ƙararrawar da ake kira intafaron, wadda ke hana kowane baƙon bairos sakewa, har da na rigakafi. A irin waɗannan yara, kamawa ta ragu. Sun kuma ga cewa yawancin yaran suna ɗauke da bakteriyar numokokas a hanci tun kafin a taɓa su, kuma feshin yakan ɗan ƙara mata yawa na ɗan lokaci. Duk wannan ilimi ya samu ne domin iyaye a Sukuta sun saurari bayani, sun sa hannu, sun kawo 'ya'yansu an ɗebi majina.

Mu a Arewa bai kamata wannan labari ya zama mana baƙo ba, domin mun shekara fiye da talatin muna rayuwa da rigakafi mai rai. Ɗigon shan inna shi ma iri ne, sai dai a hanji ake shuka shi. Iyaye nawa ne suka tambayi ma'aikaciya a ƙofar gida, me ya sa ake dawowa kowane wata biyu da ɗigo ɗaya? Mu 'yan boko muka riƙa kiran tambayar jahilci. Alhali tambaya ce ta kimiyya, kuma tana da amsa. Wani nazari kan alƙaluman Nijeriya da aka buga a 2008 ya ƙiyasta cewa ɗigo ɗaya na tsohon rigakafin mai nau'i uku yana ba da kariyar kashi 16 ne kawai daga shan inna nau'i na ɗaya, shi kuwa sabon mai nau'i ɗaya kashi 67. Hanjin yaron da ke fama da gudawa da sauran ƙwayoyin cuta gona ce mai ciyawa, irin ba ya kamawa da sauƙi. Da an gaya wa iyaye haka tun farko, ɓaro-ɓaro, da jita-jitar da ta kai ga dakatar da rigakafi a Kano daga 2003 zuwa Yulin 2004 ba ta samu gurbi mai faɗi haka ba. Mun zaɓi mu ce musu "masana sun tabbatar", muka bar masu ƙage suna ba da bayani.

Tunda na ambaci shan inna, dole in amsa tambayar da na san tana zuciyar mai karatu. Bairos ɗin ɗigon shan inna nau'i na biyu ya koma mugu a inda yaran da aka yi wa rigakafi suka yi ƙaranci, kuma har bayan da aka ayyana Afirka ta rabu da shan inna na daji a Agustan 2020, jihohin Arewa maso Yamma, har da Katsina, sun ci gaba da ganin irinsa. Shin na mura ma zai yi haka? Rauninsa yana warwatse ne a wurare da dama cikin gaɓoɓi daban-daban, don haka komawa baya ba ta da sauƙi. A wani gidan reno a Finland an sa ido kan yara 197, kusan rabi aka yi musu feshi. Sau ɗaya aka tabbatar bairos ɗin ya tsallaka zuwa yaron da ba a yi wa ba, kuma ya tsallaka da rauninsa. Duk da haka ba a ba yaron da bai kai shekara biyu ba, saboda an ga yana ƙara shessheƙar ƙirji, ba a ba mai juna biyu, ba a ba wanda garkuwarsa ta yi rauni ƙwarai. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne ya dawo da mu gida.

Batsari da Safana suna bakin Dajin Rugu, kuma shekaru fiye da goma ke nan 'yan bindiga suna juya rayuwar mutanensu. A Fabrairun 2020 an kashe mutum talatin a Tsauwa da Dankar a dare ɗaya. A Satumbar 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar, su biyun suna ciki, har zuwa ƙarshen shekarar. Gonaki sun kwanta, iyalai sun cunkushe a gidajen 'yan uwa da azuzuwan makaranta. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta sanar cewa a wata shida na farkon 2025 yara 652 sun rasu da tamowa a cibiyoyinta na jihar Katsina. Yanzu a ɗauki duk abin da aka koya a Niakhar da Sukuta a ɗora kan yaron da ya tashi a nan. Ɗaki ɗaya da mutum goma, don haka yana karɓar bairos daga wannan hanci zuwa wancan. Hayaƙin itace kullum. Ƙurar hunturu da ke busar da hanci har ya tsage. Abinci bai isa ba. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana iya taɓa kamawar iri, ko ƙarfin martanin jiki, ko duka biyun. Yana iya yiwuwa feshin ya yi masa aiki kamar na Matlab, yana iya yiwuwa ya zama na Niakhar. Takardar da za ta raba gardamar ba za ta fito daga Landan ko Geneva ba.

Ko lokacin fesawa ma ba a aro shi. A Dakar infuluwenza ta fi tashi da damina. Alƙaluman Jamhuriyar Nijar, waɗanda cibiyar CERMES ta Yamai ke tattarawa tun 2009, sun fi nuna ta a sanyin hunturu. Nijeriya ta kafa nata tsarin sa ido a 2008, bayan murar tsuntsaye ta H5N1 ta ɓulla a wata gona kusa da Jaji a jihar Kaduna a farkon 2006, karo na farko a Afirka. Asibitoci huɗu aka fara da su: Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, Asokoro a Abuja, na Jami'ar Jihar Legas, da na Nnewi. Tagogi huɗu a lokacin ga ƙasa baki ɗaya, kuma dukansu a birni. Yaron da ya fara numfashi sama-sama a Zakka ba zai taɓa bi ta gaban ko ɗaya ba.

Yanzu ga ciwon da na yi alkawarin zuwa kansa. A 1996, ana tsakiyar annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano a kan yara 200, rabi Trovan, rabi wani maganin. Yara 11 suka rasu, biyar a wannan ɓangare, shida a wancan, wasu suka nakasa. Iyaye sun ce ba a gaya musu gwaji ake yi ba. An bayyana cewa takardar amincewar kwamitin ɗa'a an rubuta ta ne daga baya aka mayar da kwanan wata. Kwamitin da gwamnatin tarayya ta kafa ya kira shi haramtaccen gwaji, kamfanin ya musanta laifi, kuma a 2009 aka yi sulhu da gwamnatin Kano kan dala miliyan 75. Ba na neman kowa ya manta. Amma a duba abin da aka tuhumi Pfizer da shi: rashin izinin iyaye, rashin sahihin kwamitin ɗa'a, shigowa cikin gaggawa da ficewa cikin makonni. Kowane ɗaya daga cikinsu saɓa wa ƙa'idar gwaji ne. Wanda ɓarawo ya shiga gidansa ƙofa yake gyarawa, ba ya rushe ɗakin ya koma kwana a fili. Nijeriya ta yi ɗan gyaran ƙofar: ta fitar da kundin ɗa'ar binciken lafiya a 2007, Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 kuma ta ba kwamitin ƙasa ƙarfin doka. Mu 'yan bokon Arewa, da ya kamata mu cika kujerun kwamitocin nan, mu karanta takardar neman izini mu ga ko an fassara ta da Hausar da tsohuwa za ta gane, sai muka zaɓi aikin da ya fi sauƙi, wato jawabi.

Kuma muna cin moriyar gwajin da wasu suka yarda aka yi da nasu 'ya'yan, ba tare da kunya ba. Allurar MenAfriVac, wadda ta kusan share sanƙarau nau'in A daga yankinmu bayan an fara ta a Burkina Faso da Mali da Nijar a Disambar 2010, a Nijeriya kuma a 2011, an gwada ta a kan yaran Mali da Gambiya da Senegal. Sabuwar mai nau'i biyar, wadda Nijeriya ta zama ƙasar farko da ta yi amfani da ita a 2024, a Bamako da Gambiya aka gwada ta. A Bamako ɗin dai, cibiyar da Farfesa Samba Sow ke jagoranta ta yi wa mata masu juna biyu sama da 4,000 gwajin allurar infuluwenza, ta nuna cewa tana kare jarirai a watannin farko na rayuwa. Mali ba ta fi mu kuɗi ba, ba ta fi mu zaman lafiya ba. Iyayen Bamako kuma ba su fi na Katsina ƙin 'ya'yansu ba.

Za a ce mini, mutanen da ke kwana da fargabar harsashi, waɗanda ƙyanda da tamowa ke ɗauke wa yara, ina su ina rigakafin mura? Wannan ita ce suka mafi ƙarfi, kuma rabinta gaskiya ne. In da naira ɗaya ce a hannuna, abinci da allurar ƙyanda zan saya. Rigakafin infuluwenza ba ya cikin jadawalin rigakafin yara na Nijeriya, kuma ba na kiran a saka shi gobe. Amma masu wannan suka suna yanke hukunci kan nauyin kayan da ba su ɗora a sikeli ba. Sannan akwai gobe. Feshin hanci ba ya buƙatar allura, ba ya buƙatar ƙwararriyar ma'aikaciyar jinya, ƙwai ɗaya kuma yana fitar da rabon mutane da yawa fiye da na allura, shi ya sa tun farko Hukumar Lafiya ta Duniya ta nemo fasahar wa ƙasashe masu tasowa, don ranar annoba. A wurin da ma'aikaci ke shiga ƙauye da rakiya, ya yi awa biyu ya fita, wannan sauƙin ba ƙaramin abu ba ne. Mun ga yadda layi yake a ranar annoba: rigakafin korona na farko ya sauka Abuja ranar 2 ga Maris 2021, watanni bayan Turai ta fara, kuma a Disambar shekarar aka lalata sama da miliyan ɗaya da ya iso dab da ƙarewar wa'adinsa. In marisuwa ta dawo, abin da aka miƙo mana shi za mu karɓa. Sanin ko yana kamawa a hancin yaranmu aiki ne na lokacin da babu gaggawa.

Abin da nake nema bai kai kuɗin gadar sama ɗaya ba. Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina ya zama cibiyar sa ido kan infuluwenza, da hannaye a babban asibitin Batsari da cibiyoyin lafiya na Safana, ana ɗiban majinar yaran da suka zo da zazzaɓi da tari, ana aunawa da na'urorin PCR irin waɗanda korona ta bar wa jihohi. A yi haka shekara uku a jere, a san wata nawa cutar ke tashi, nau'i nawa ke yawo, kaso nawa na masu ciwon haƙarƙari ita ce sila. Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda ke maƙwabtaka da Safana, suna da ɗaliban nazarin ƙananan halittu da ke neman abin rubuta kundi. Bayan nan, in alƙaluman sun nuna akwai dalili, a yi ƙaramin nazari irin na Sukuta, yara ɗari biyu ko uku masu ƙoshin lafiya, ƙarƙashin jagorancin likitocinmu, da kwamitin ɗa'a da ya zauna kafin a fara, da takardar izini da Hausar boko da ajami, da sanin Sarkin Ruma da Yariman Katsina da limamai da ungozomomi, da sharaɗin cewa duk uwar da ta ce a'a za a duba ɗanta kamar kowa. Kuma a rubuta tun ranar farko cewa sakamakon, ko hamsin da bakwai ne ko sifili, a dandalin Batsari za a fara karanta shi kafin a aika wa kowace mujalla.